Yadda ake hawa tudu da jirgin ruwa a Ingila

Hanyoyin ruwan da aka haƙa a Ingila don jigilar kwal, irin na Bridgewater da aka buɗe a 1761, yau masu yawon shaƙatawa ne suka gaje su. Hukumar Canal & River Trust ke kula da kusan mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales. Hayar siririn jirgi ake yi, faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, amma da ɗakin kwana da kicin a ciki, kuma ba a tambayar lasisin tuƙi.

Tuƙin ba wuya. Kada gudu ya wuce mil 4 a awa. Sitiyarin wata sanda ce a bayan jirgi, in ka tura ta hagu sai jirgin ya yi dama. In kun yi kiciɓis da wani jirgi, kowa ya riƙe damansa, ko da yake a titunan ƙasar hagu ake bi.

Inda ake gumi shi ne wajen hawa tudu. Can aka gina wasu ɗakunan ruwa masu ƙofa gaba da baya, da tagogin shigar da ruwa da fitar da shi. Da isarku, mutum ɗaya ya sauka da lanƙwasasshen ƙarfen da ake murɗa tagogin ruwa da shi. In ya tarar ɗakin cike, ya fara leƙawa ko akwai jirgi mai saukowa, ya bar shi ya shiga tukuna, don zubar da ruwan a banza rashin ya kamata ne. In babu kowa, ya tabbatar ƙofar sama a rufe take, sannan ya ɗaga tagogin ƙasa har ruwa ya zurare. Sai ya jingina bayansa da doguwar sandar ƙofar ya tura, jirgi ya shiga, a rufe, a sauke tagogi.

Yanzu sai tagogin sama, kuma a hankali. Wanda ya buɗe su gaba ɗaya, ruwa zai wujijjiga jirgin ya maka shi da ƙofa. Jirgi zai riƙa ɗagawa har ruwan ciki ya daidaita da na gaba. In ƙofa ta ƙi buɗewa, kada a sa ƙarfi: ko tazarar yatsa ɗaya ce ta rage, ƙato ma ba zai motsa ta ba. Bayan an fita, a rufe komai, kuma kada a bar ƙarfen a maƙale, yana iya juyawa ya fasa wa mutum haƙora.

Saukowa ta fi haɗari. Akwai wani dakali a gindin ƙofar sama, wanda in bayan jirgi ya hau shi ruwa na raguwa, gaban zai nutse. A tsaya gaba da farin layin da aka ja a bango.

Sabon shiga kada ya fara da hanyar Caen Hill ta garin Devizes, inda ɗakuna 29 ke jiransa.