Iyaye, Ku Zauna Ku Kalli Wayar Tare da Su

A 2020, lokacin kullen korona, waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta karaɗe gari, har ƙauyukanmu na Gezawa. Tun daga nan matasan mawaƙa da 'yan TikTok suka zama abin koyin 'ya'yanmu, daga Jogana har Tsamiya Babba.

Ni uwa ce, kuma abin da ya fi damuna shi ne yarinya 'yar shekara 14 ta kalli fuskar da manhajar waya ta goge, ta haskaka, sai ta raina tata. Daga nan ake fara neman man bilicin, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa saboda sinadaran da ke ɓata fata, su taɓa ƙoda. Yaro kuma ya fara jin kunyar a gan shi da fartanya.

Ƙwace waya ba ya magani, ta ƙawa za a ara. Ku zauna ku kalla tare. Ku faɗa musu cewa kaya da motar cikin bidiyo sau da yawa na haya ne, fuskar kuma an gyara ta. Mai murya a ba shi fili a walimar Islamiyya ko bikin makaranta.

Don Allah, a daina kiran yarinya "baƙa" ko "mummuna", ko da wasa ne. Idan ta iya lissafi ko ɗinki, ku yabe ta a gaban mahaifinta.