Ƙanƙarar Kindirmo Da Mangwaro: Yadda Ake Yin Mai Tsabta A Gida

Darasinmu na wannan wata a kan ƙanƙarar sha ne, irin wadda ake ƙullawa a leda yara su riƙa tsotsa.

Duk wanda ya shiga Babbar Kasuwar Kaduna da bazara ya san ta. Ita ce kasuwar da ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, don tunawa da malamin nan da ya rasu a shekarar 1992. Daga watan Maris zuwa Mayu rana takan buɗe sosai. 'Yan talla sai su yi ta kai da kawowa da kula a ka. Ga zoɓo, ga kunun aya, ga ƙanƙara ja da kore da ruwan ɗorawa. Mutumin da ya zo sayayya daga Rigacikun ko Kujama yakan saya ya jiƙa maƙoshi, ya kuma saya wa yaron da ya rako shi.

Wasu masu wannan sana'a suna da tsabta ƙwarai, Allah ya saka musu. Amma mai saye ba ya ganin inda aka haɗa ta. Kuma wata ƙanƙarar ruwa ne kawai da kala da sinadarin zaƙi. Yaro ya sha, harshe ya yi ja, jiki bai ƙaru da komai ba. Alhali mu a karkara muna da madara, ga mangwaro yana zuba yana ruɓewa a gindin bishiya. Idan aka haɗa waɗannan biyu, an sami abin sha mai gina jiki.

Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta

Kafin mu shiga yadda ake yi, akwai wata magana da za mu fara gyarawa. Mutane da yawa suna zaton duk abin da ya daskare ya tsarkaka. Ba haka ba ne. Sanyi barci yake sa ƙwayar cuta, ba ya kashe ta duka. Da ƙanƙarar ta narke a cikin yaro, sai ƙwayar ta farka ta ci gaba da ɓarnarta. Ƙwayar zazzaɓin taifot tana iya yin makonni cikin ƙanƙara da ranta. Ita ma kwalara, wato amai da gudawa, tana bin gurɓataccen ruwa, ko da an mai da shi ƙanƙara.

Kada a ɗauki wannan da wasa. A shekarar 2021 mutum fiye da 100,000 aka yi zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Jihohin Arewa ne suka fi shan wahala, kuma yara na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa.

Wuta ce ke kashe ƙwayar cuta. Saboda haka duk aikin tsabtar ƙanƙara a murhu ake yin sa, tun kafin a je wurin firiza.

Haɗa kindirmo

A samo madarar shanu lita ɗaya. Lita ɗaya ita ce cikin leda biyu ta fiya wata. A tace ta, a ɗora a wuta, a riƙa motsawa don kada ta kama. Idan ta tafasa ta taso, sai a sauke. Kada a ce ai saniyar gida ce, lafiyarta ƙalau. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka, da cutar nan mai sa saniya ɓari, wadda ke sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Saniya tana iya ɗauke da su ba a gani a jikinta ba.

Wanda ba shi da shanu ya sayi madarar gari. A Babbar Kasuwa ana samun ta a gwangwani, da ƙaramar leda, da kuma ta awo. Idan ta gwangwani ce ko ta leda, a duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna. A kuma karanta ranar da za ta lalace. Idan ta awo ce, a sansana, a duba kada ta yi gudaji. Kofi ɗaya na gari ana dama shi da kofi uku zuwa huɗu na ruwa. Ruwan kuwa sai wanda ya tafasa sosai na minti ɗaya.

A rufe madarar ta huce, amma kada ta yi sanyi. A ɗiga kaɗan a bayan hannu. Idan da ɗumi, ba ta ƙona fata, to ta yi. Kada a tsoma yatsa a ciki. Sai a zuba babban cokali uku na kindirmo mai kyau, a motsa, a rufe. A lulluɓe kwanon da zane mai tsabta, a ajiye inda ba iska. Kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. Cikin awa 6 zuwa 8 za ta kama. Da bazara takan kama da wuri, idan kuma aka bar ta ta kwana ta wuni sai tsami ya yi yawa.

Shi wannan kindirmon da ake zubawa iri ne, kamar irin shuka. Idan irin ba shi da kyau, duk kwanon ya ɓaci. Ya fi kyau a fara da ƙaramar robar yogot ta kamfani marar kala. Daga nan sai uwargida ta riƙa rage kaɗan daga nata don haɗi na gaba.

'Ya'yan itace

Mangwaro shi ne sarki a wannan aiki. A zaɓi nunanne marar zare da yawa. Wanda ya faɗo ya fashe, ko wanda tsuntsu ya fara ci, a bar wa awaki. A wanke hannu da sabulu, a wanke mangwaron kafin a fere, a wanke wuƙar ma. A yanka, a murje shi a rariya da bayan ludayi. Ba sai da injin markaɗe ba. Ana son kamar rabin lita na ruwan mangwaro mai kauri.

Ayaba ma tana da kyau ƙwarai, don tana sa ƙanƙara ta yi laushi. Gwaiba sai an tace 'ya'yanta. Kankana ruwa ne da ita, ƙanƙararta takan yi tauri kamar dutse, gara a sha ta haka nan. Farin garin 'ya'yan kuka, wanda matan Fulani ke sa wa nono, yana ƙara kauri da ɗan tsami mai daɗi. Babban cokali biyu ya isa.

Amma a yi hankali da ɗanyar abarba da gwanda. Akwai wani sinadari a cikinsu mai narkar da madara. Shi ne dalilin da ya sa ake naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda. Idan suka jima cikin kindirmo sai ya tsinke, ya yi ɗaci. Wanda ke son abarba ya ɗan dafa ta tukuna, ta huce, sannan ya zuba.

Yanzu sai sukari. Babban cokali huɗu ya ishi dukan haɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babban mutum kada ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 na sukari a rana, idan ya tsaya a 6 ya fi. Yaro kuwa ƙasa da haka. A ganina, idan mangwaron ya nuna sosai, dabino shida da aka jiƙa a ruwan zafi aka murje sun fi sukarin. Kala kam ba ta da aiki a nan. Mangwaro ya zo da launinsa.

Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ake ba shi. Wanda bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma.

Ƙulli

A sayi sabuwar farar leda siririya. Kada a yi amfani da ledar da aka taɓa zuba wani abu. Ga wani abu da muke gani kullum: mace ta ɗauki leda, ta hura mata iska da baki don ta buɗe. A daina. Mura da tari ta nan suke shiga. A murza bakin ledar da yatsu, za ta buɗe.

A zuba babban cokali biyar a kowace leda. Kada a cika ta fal, don ruwa yana kumbura idan ya daskare, sai ledar ta fashe. A ƙulle tam. Wannan haɗi na lita ɗaya da rabi zai ba da ƙulli kamar 20. A firiza mai ƙarfi yakan daskare cikin dare ɗaya.

Idan babu wutar lantarki fa?

To, ga tambayar da na san tana ran mai karatu. Yawancin ƙauyukanmu ba wuta. Wasu kan kai haɗinsu wurin mai firiza mai aiki da hasken rana, su biya kuɗin ajiya. Wannan ya yi, in dai wurin ba nisa, kuma ba a haɗa shi da ɗanyen nama ko kifi ba.

Akwai kuma tsohuwar dabara. Mutanen Indiya sun yi ɗaruruwan shekaru suna daskarar da madara cikin tukunyar ƙasa, da ƙanƙara da gishiri. A sayo dunƙulen ƙanƙara, a sa cikin buhu, a farfasa shi ƙanana. A auna kwano uku na ƙanƙara, kwano ɗaya na gishiri, a cakuɗa cikin kula ko tukunya. Gishiri yana sa ƙanƙarar ta narke, amma ruwan da ke fita ya fi ita kanta ƙanƙarar sanyi nesa ba kusa ba. A binne ƙullin a ciki, a rufe, a lulluɓe da bargo. A riƙa girgizawa jifa-jifa. Cikin kamar awa ɗaya siraran ƙulli za su daskare.

Abu biyu za a kiyaye. Kada a bar hannu cikin wannan ruwan gishiri, yana ƙona fata kamar wuta. A tsamo da ludayi. Sannan a ɗauraye bayan kowace leda da tafasasshen ruwan da ya huce, domin ba a san ruwan da aka yi dunƙulen ƙanƙarar da shi ba, ga shi kuma ledar bakin yaro za ta.

Idan ta narke

Wannan ya fi shafar masu son yin sana'a da ita. An fita da ƙulli 20, an sayar da 14, shida sun dawo sun zama ruwa. Zuciya za ta ce a mai da su firiza, gobe a sake fita da su. A'a. Madarar da ta wuni cikin zafi, ƙwayoyin cuta sun riga sun hayayyafa a ciki, kuma mun ce sanyi ba zai kashe su ba. Idan ta narke amma har yanzu da sanyinta sosai, a shanye a gida nan take. Idan ta yi ɗumi, a zubar. Hasarar ƙulli shida ba ta kai kuɗin ƙarin ruwa a asibiti ba. Mai fara sana'a ta yi kaɗan, daidai abin da za ta sayar a yini, ta kuma sa tsumma mai tsabta ta toshe sararin da ya rage cikin kula don sanyi ya daɗe.

Mai saye a kasuwa shi ma ya buɗe ido. Ƙanƙarar da ta narke aka sake daskarar da ita takan karkace, ruwa ya ware gefe guda, madara gefe guda. A tambayi mai talla wata.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake tafasa madara, ko da ta saniyar gida ce?
2. Idan lita ɗaya da rabi ta ba da ƙulli 20, ƙulli nawa lita uku za ta bayar?
3. Kana da kwano shida na ƙanƙara. Kwano nawa na gishiri za ka zuba?