Karatun Kiyaye Albarkatun Ƙasa

Tempane gari ne a arewa maso gabashin ƙasar Gana, kusa da Garu da Bawku, dab da iyakar Togo. Yawancin mutanen wurin manoma ne. Suna noma gero da dawa da masara da gyaɗa. Damina ɗaya gare su a shekara, kamar ƙasar Hausa.

A cikin gonakinsu akwai kaɗanya da ɗorawa da kuka. Mata suna tsintar ƴaƴan kaɗanya su yi man kaɗe, suna dafa kalwa su yi daddawa. Da kuɗin da suka samu ake saya wa yara littafi da magani. To, amma kaɗanya ba ta saurin girma. Takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara ƴaƴa. Mai gawayi kuwa a yini ɗaya zai sare ta. In itatuwa suka ƙare, sai iska da ruwan sama su kwashe ƙasa mai taki, zaizaya ta ci gona, amfani ya ragu.

Ƙasar noma da ruwa da itatuwa da ciyawa da kifi da namun daji, su ake kira albarkatun ƙasa. Kiyaye su ilimi ne babba, har a jami'a ana koyar da shi.

A Gana yaro yana yin shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare. In ya ci jarrabawa da kyau, musamman lissafi da kimiyya, sai ya nemi shiga jami'a. Akwai jami'ar da ake kira UDS, wadda aka kafa a Tamale a shekarar 1992 don ci gaban arewacin ƙasar. A reshenta na Nyankpala, kusa da Tamale, ake karatun albarkatun ƙasa da muhalli. Ana kuma yin irin wannan karatu a jami'ar Kumasi da ta Sunyani. Shekara 4 ake yi kafin a sami digiri.

Me ɗalibi yake koyo a can? Yana koyon sanin ƙasa: wadda ta gaji da wadda take da ƙarfi. Yana koyon renon dashe, da auna tsawon itace da kaurinsa. Yana koyon yadda ake jera duwatsu a gangare don su tare ruwa, ya nutse cikin ƙasa maimakon ya gudu da taki. Yana koyon zana taswira da kwamfuta, da karanta hotunan da tauraron ɗan adam ya ɗauko daga sama. Yana kuma koyon halin namun daji, irin giwayen da ke gandun Mole, wanda ya fi kowane gandun namun daji girma a Gana.

Ba a cikin aji kaɗai ake wannan karatu ba. A UDS ana tura ɗalibai su zauna a ƙauye na makonni, su ci abin da mutane suke ci, su tambayi manoma matsalolinsu. Dalili kuwa, manomi ya san gonarsa. Ilimin littafi yana amfani ne in ya haɗu da na dattawan ƙauye.

Ga misali. A shekarar 1983, a yankin Maraɗi, wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan itatuwan da aka sare suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. In manomi ya bar toho biyu ko uku masu ƙarfi, ya sassabe sauran, sai itace ya sake tashi ba tare da an dasa ba. Manoman Nijar suka karɓi dabarar, suka kyautata ta, gonaki suka cika da itatuwa. A shekarar 2009 dabarar ta isa Talensi, a jiha ɗaya da Tempane.

Wanda ya gama wannan karatu yana iya zama ma'aikacin gandun daji, ko malamin gona, ko mai kula da ruwa, ko mai bincike. Aikin ba na maza kaɗai ba ne, mata ma suna yi.

Yara, da sanyin safiya ake kama fara. Ku fara tun yanzu. Ku san sunayen itatuwan garinku. Kada ku sa wuta a daji don farautar gafiya. Ku shayar da dashen makarantarku, ku kuma dage da lissafi da kimiyya.

Tambayoyi

1. Ina Tempane take?
2. Faɗi albarkatun ƙasa guda huɗu.
3. Don me sare kaɗanya yake da hasara?
4. A wace shekara aka kafa UDS?
5. Me ya sa ake tura ɗalibai ƙauye?

Aikin gida

Tambayi kakanka ko kakarka sunayen itatuwa uku da suke da yawa a garinku a da, amma yanzu sun yi wuya. Rubuta su cikin littafinka, tare da amfanin kowane ɗaya.