Sulhun da bai bi ta gaban alƙali ba

A ce dillalin masara ne a Funtuwa, gobara ta cinye masa sito bayan kaka, ya kai kamfanin inshora Babbar Kotu, aka shekara ana ɗage zama. Rana ɗaya wakilin kamfani ya kira shi ofis, aka kawo lemo, aka ce za a ba shi biyu cikin uku na diyyarsa nan da wata biyu, shi kuma ya janye ƙara. Ya sa hannu. Ya ƙara sa hannu a takardar sallama mai cewa ya karɓi haƙƙinsa kaf, alhali ko kwabo bai shiga asusunsa ba. Wata biyu suka wuce, waya ta daina shiga. Sai a lokacin ake tuna lauya, ana cewa a tilasta musu. Da me za a tilasta?

Takardar da ke hannunsa yarjejeniya ce kawai. In kamfani ya saɓa, sabuwar ƙara zai shigar, ya koma ƙarshen layi. Da an kai sharuɗɗan nan gaban alƙali ya mai da su hukuncinsa, da zancen ya bambanta: a ƙarƙashin dokar zartar da hukunci, kotu na iya umartar bankin kamfanin ya cire kuɗin daga asusunsa, kuma sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana ɗaukaka ƙara kan hukuncin da aka yi da yardar ɓangarori sai da izinin kotu. Dokar sasanci ta 2023 ma ta ba sulhun da aka ƙulla gaban mai sasantawa irin wannan ƙofa. Kada a janye ƙara kafin kuɗi su shiga. Kada a sa hannu kan karɓar abin da ba a karɓa ba.

Za a ce ai sulhu alheri ne, manomin Malumfashi da damina ta tunkaro shi yana neman taki ba shi da lokacin kotu. Gaskiya ne, amma shigar da takardar sulhu a shari'ar da ke tafiya zama ɗaya ne, ita kuwa sabuwar ƙara tana iya cin damina biyu. Wasu kuma sukan ce akwai NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora. Akwai, a kai mata koke, sai dai ita ma rubutu take dubawa: nawa ne, ranar biya, me zai faru in an saɓa. Masu rubuta wa mutane takarda a ƙofar kotu, waɗanda ba lauyoyi ba, su ne ke barin waɗannan guraben a buɗe, su rubuta "nan ba da jimawa ba" a gurbin kwanan wata.