Amsar Tambaya: Zanen Fuska da Fentin Mai

Tambaya: Malam, ina zana fuskoki da fentin mai a Kibiya, amma zanen yana tsagewa, ciniki kuma ya ƙi. Ina mafita?

Amsa: Ɗana, tsagewar daga gaggawa take. Ka fara ɗame ƙyallen a katako, ka shafa masa farin share fage ya bushe. Fitar da fuskar da gawayi, ka auna tazarar idanu da tsawon hanci kafin burushi ya taɓa fenti. Shafin farko ya zama tsinkakke, na bisani su fi shi mai. Inuwa tukuna, haske daga baya. Ɗigon farin ƙwayar ido shi ne na ƙarshe. Da hunturu ka juya zanen ya fuskanci bango saboda ƙura, kada ka shafa banish sai bayan wata 6.

Batun ciniki kuwa, ka ɗauki hoton kowane aiki, ka sa a Facebook da izinin mai fuskar, ka zagaya da samfurinka makarantu da ofisoshin Rano. Karɓi rabin kuɗi kafin ka fara. In da hali, nemi ƙarin ilimi a Sashen Zane na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda mai zane Kolade Oshinowo ya gama karatu a 1972. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya yi wa sana'arka albarka.