Zafin Wuta Da Zafin Barkono: Wasiƙa Zuwa Jos

Ɗana,

Mahaifiyarka ta karanta mini saƙonka, inda kake cewa sanyin Jos ya fi ƙarfin rigar da ka tafi da ita, kuma tun da Disamba ta kama ba ka iya taɓa ruwan alwala da asuba sai ka ɗora shi a wuta. Ban yi mamaki ba. Na yi shekaru ina bin wannan hanya da kaya daga Kano, mu ratsa dajin Falgore, mu wuce Saminaka, sannan mota ta fara nishin hawan tudu. Garin yana kan tsauni ne, wajen mita 1,200 sama da teku, shi ya sa iskar hunturun da mu a nan take busar mana da leɓe kawai, ku a can har ƙashi take shiga. Mahaifiyar taka ta ce mini kuma ba ka girki, a gidajen abinci kake ci safe da dare, kuma kusan kullum farfesu kake nema da yamma. A kan wannan nake so mu yi magana, domin na daɗe da sanin kwanon romo a garin da babu uwa babu mata.

Mu Hausawa kalma ɗaya muke amfani da ita ga abu biyu. Mukan ce miya ta yi zafi idan yanzu aka sauke ta, mukan ce ta yi zafi idan barkono ya yi mata yawa. Masu sayar da abinci a birni sun san da wannan, kuma wasunsu a nan suke cin kasuwarsu. Za a kawo maka romo mai ɗumi-ɗumi, tsararo kamar ruwan wanke nama, an zabga masa attarugu har idonka na hawaye. Ka sha, ka yi gumi, ka tashi kana ganin ka kori sanyi. Alhali barkono harshe yake ruɗa, ya sa jiki ya zaci wuta ta taɓa shi, sai ya saki gumi don ya huce. Da wannan gumin za ka fita ka shiga a-daidaita-sahu, iska tana dukan ƙirjinka daga kowane gefe, kafin ka isa ɗaki sanyin ya dawo ya ninka.

Zafin wuta nake so ka riƙa nema tukuna. Idan an ajiye maka kwano, duba tururi. Taɓa gefensa, in yatsanka zai iya zama a kai ba tare da ka janye ba, romon ya huce. Duba bakin kwanon kuma, domin a hunturu kitse ba ya ɓoye sirri: da zarar romo ya fara sanyi sai ka ga fari-fari ya daskare a gefe. In ka ga haka, ka roƙe su cikin ladabi su mayar maka da shi wuta har ya tafasa. Na ce wuta, domin na'urar ɗumama abincin da ake yayi yanzu takan ƙona wani gefe ta bar tsakiyar tsoka da sanyi. Kada ka ji kunyar wannan roƙo. Kuɗinka ne, kuma cikinka ne.

Ba daɗi kaɗai nake duba maka ba. Babu abin da ya kai ruwan nama saurin lalacewa, kuma masana lafiya sun ce tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa a cikin dafaffen abinci. Tukunyar da aka sauke da hantsi, aka rufe aka bar ta har magariba, a wannan tsakanin ta wuni. Mutane kan ce ai ana sanyi, ba abin da zai same ta, sun manta cewa rana takan buɗe da azahar ko a Jos. Ni kaina na taɓa shan farfesun kayan ciki mai ɗumi-ɗumi a wata rumfa a bakin hanya, da daddare, yunwa ta ci ni. Yajinsa ya rufe duk wani wari da ya kamata hancina ya ji. Kwana uku na yi a kwance a garin da ban san kowa ba, kayan mutane suna cikin mota suna jirana. Tun daga ranar nake shinshina kafin in kurɓa.

Romon kirki ƙamshinsa ke riga zafinsa isowa. Za ka ji citta a gaba, tana ɗan kama maƙogwaro. A bayanta akwai kimba da ƙamshinta mai kamar hayaƙi, wadda in aka ƙwanƙwasa ta aka jefa ta ita kaɗai ta isa ta gaya maka mai girkin ta san hannunta, in kuma ta yi yawa sai romon ya yi ɗaci. Sai masoro, sai kanumfari ƙwaya biyu ko uku, sai gyaɗar miya da aka ɗan gasa kafin a daka, sai tafarnuwa da albasa da suka narke har ba a ganinsu. A ƙarƙashin duka akwai daddawa, wadda ita ke ba romo gindin zama. Waɗannan su ke sa ka ji ɗumi ya sauka cikin ciki ya zauna, ya raka ka har shimfiɗa. Kuma kai ka yi sa'a, domin cittar da ake ji da ita a ƙasar nan maƙwabtanku ne ke noma ta, a kudancin Kaduna, wajen Kachia da Kafanchan. Mai abincin da ke Jos ta rasa citta a romonta ba ta da hanzari.

In kana da zaɓi, ƙafar sa ko jelar sa su ne na sanyi. Suna buƙatar awoyi a kan wuta, kuma ba a iya yi musu ƙarya: idan sun dahu yadda ya kamata, romon yakan yi ɗan kauri, ka ji leɓɓanka suna mannewa bayan ka kurɓa. In kuwa ka ga nama ya yi laushi har yana saɓulewa amma romon tsararo ne, ka yi tunani. Akwai masu jefa abin da bai dace ba a tukunya don rage cin itace ko gas, har da ƙwayar maganin ciwon kai, kuma hukumomin lafiya sun sha gargaɗi a kan haka. Kayan ciki sai a hannun da ka yarda da wankinsa. Kazar gida ta fi ta gidan gona ba da romo. Tarwaɗa kuwa, inda ake nuna maka ita da rai ka zaɓa a dafa maka, jiran yana da tsawo amma ka san abin da ka ci.

Sai dai farfesu ba ya riƙe ciki. Wanda ya sha shi kaɗai ya kwanta, tsakar dare yunwa za ta tashe shi, kuma mai yunwa ya fi kowa jin sanyi. Ka haɗa shi da wani abu, ko gurasa, ko dafaffen dankalin Turawa, tunda kana garinsa. A wasu ranakun ma ka bar farfesun, ka nemi tuwo da miyar kuka mai zafi, a zuba maka cokali guda na man shanu, ko miyar taushe da kabewarta da gyaɗarta. Kuɗinsu bai kai na farfesu ba, kuma sun fi shi kai mutum safe. Sannan ka tambayi gwate. Abincin mutanen wurin ne, Birom da maƙwabtansu, ana yin sa da acca ko tsakin masara, da yakuwa da gauta da alayyafo da ƙashi, ɗan'uwan faten da ka sani a gida. Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru a kan wannan tudu sun fi ni da kai sanin abin da ke maganin sanyinsa. In abokin aikinka ɗan garin ne, ka ce ya nuna maka inda ake yin mai kyau; na ga zumunci da yawa ya ƙullu a kan ƙasa da haka. Batun yanka kuma, tambaya ba laifi ba ce in an yi ta da sakin fuska, kuma za a gaya maka gaskiya.

Akwai wuraren da farfesunsu ya yi suna amma kwalba ce ainihin cinikinsu. Na san tarbiyyarka, ba sai na tsawaita ba. Kawai kada wani ya ce maka tana korar sanyi. Tana buɗe hanyoyin jini na fata ne, mutum ya ji ɗumi a fuska alhali zafin jikinsa fita yake yi. Gishiri ma ka kula da shi, kai da ka san hawan jini ya kama mutum nawa a gidanmu. Abin da likitoci suka yarje wa babba a wuni guda bai kai giram 5 ba, kamar ƙaramin cokali ɗaya, kuma kwanon romon kasuwa da aka cika wa dunƙulen ɗanɗano yana iya cinye maka mafi yawansa. Kada ka ƙara gishiri kafin ka ɗanɗana.

Abin da ya fi amfanar da ni a shekarun nan shi ne tukunya ɗaya da na riƙe. Wata dattijuwa ce da ke da rumfa kusa da inda muke sauke kaya a Bukuru. Ba ta da allo ba ta da fitila mai launi, amma murhunta a fili yake, kana zaune kana ganin tukunya tana tafasa, kana ganin ruwan da take wanke kwano da shi. Na riƙa gaishe ta kafin in tambayi abinci, na riƙa biyanta ba tare da ja-in-ja ba. Da tafiya ta yi tafiya sai ta san ba na son yaji da yawa, ta san ina son ƙashi mai ɓargo, har takan ce mini, "Malam, yau kada ka ci na kayan ciki, na jiya ne, bari in zuba maka ƙafa." Ranar da mura ta kwantar da ni a cikin mota, yaronta ta aiko da romo a rufe da kunun tsamiya. Irin wannan ba a samun sa ga mai tsalle daga wannan gidan abinci zuwa wancan. Ka zaga na mako biyu ko uku, ka gwada, in ka sami wadda hannunta da tsabtarta suka kwanta maka, ka zauna. Ka kuma riƙa zuwa da wani, kada kullum ka ci kai kaɗai kana duban waya.

Romo yana sassauta mura, yana buɗe hanci, amma in zazzaɓi ya wuce kwana biyu ko tari ya sauka ƙirji, asibiti za ka nufa. Kuma ina roƙonka, komai tsananin sanyi kada ka shigar da garwashi ɗaki ka rufe ƙofa da taga ka kwanta. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma ta sha ɗauke mutane a cikin barci.

Mahaifiyarka ta ɗaure maka daddawa da kimba da yajin citta a ƙulli, na sa an haɗa da tsohuwar hular sanyina da rawani guda. Za su zo a motar Asabar. Rawanin na wuya ne, ka riƙa naɗa shi duk lokacin da za ka fito daga wurin cin abinci da dare, bayan ka zauna gumin ya tsane. In ka sami mai abincin da ka riƙe, ka ɗiba mata daddawar nan ka ce daga Kano take.

Kawunka.