Wutsiyar Mage Gargaɗi Ce: Dokoki Ga Mai Ajiye Ta

Kaka ta yi, an kai gero da dawa rumbu daga Gammo har Kabo da Gwarzo, ɓeraye kuma sun sami labari. Yanzu ne kowa ke roƙon ɗan mage a maƙwabta. To, kyanwar Lami a karin magana kaɗai take. Ta gidanka tana cizo tana yakushi, sai dai da wuya ta yi ba ta gargaɗe ka da wutsiya ba. Ga sharuɗɗa.

KADA ka auna ta da ma'aunin kare. Kare kan kaɗa bindi don murna. Mage in tana kaɗawa da ƙarfi, hagu da dama, tana bugun ƙasa, ranta ne ya ɓaci. Ɗauke hannunka nan take. Yawancin yaran da ake yakusa a nan suke faɗawa: ana shafa ta, wutsiya ta fara bugun tabarma, yaro ya zaci daɗi take ji ya ƙara. Uwargida, ke ce a tsakar gida, aikinki ne ki koya musu wannan tun kafin jini ya fita, ba ki bi mage da muciya daga baya ba.

KA amsa gaisuwa in ta nufo ka da wutsiya a miƙe sama, bakin wutsiyar ya ɗan lanƙwasa. Sallama ce. A 1997 wata mai bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila, Charlotte Cameron-Beaumont, ta nuna wa maguna siffar mage da aka yanka da baƙar takarda. Sun fi saurin kusantar mai wutsiya a sama. Miƙa mata yatsa ta sunsuna, sannan ka sosa mata kumatu ko ƙasan haɓa. Ciki kuwa, ko ta kwanta rigingine, bar mata abinta.

KADA ka tare ta in wutsiya ta kumbura, gashi ya tashi, baya ya gantsare. Tsoro ne ya kai maƙura. Buɗe mata hanya, ka kori karen ko yaran da suka rutsa ta. Haka in ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu ta lafe a lungu. In ta wuni a haka ba ta ci ba, mai yiwuwa ciwo ne.

KA yi shiru in ta tsuguna gindin rumbu, idonta a rami, bakin wutsiya kaɗai ke motsi. Tana bakin aiki.

KADA, ko da wasa, a ja ta da wutsiya. Ci gaban ƙashin baya ce, gaɓoɓi wajen 20, kuma jijiyoyin da ke tushenta su ne ke riƙe fitsari da kashi. Fizga ɗaya na iya tsinka su, wutsiya ta saki, mage ta riƙa zubar da fitsari har ta mutu. Yaron da ya ɗaura mata gwangwani ya saki dariya, a tsawata masa a gaban abokansa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha.

KADA ka jefi mage don tana kuka da dare kamar jariri. Dubi yadda take: ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, wutsiya ta kauce gefe. Muzuru take nema. Babu maita babu aljani a ciki, ko da baƙa ce wuluk. Shi kuma muzurun da ya juya wa katanga baya, wutsiya a tsaye tana karkarwa, fitsari yake fesawa don shata iyakarsa.

KADA ka ba ta farasitamol don ka ga ba ta da lafiya. Ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Nemi malamin dabbobi. Kuma ka zaɓa, ko mage ko maganin ɓera, domin ɓeran da ya ci guba abincinta ne.

In an yi cizo ko yakushi mai zurfi, KA wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15. Ban da toka, ban da barkono, ban da ɗaurewa da tsumma. Mage ma tana ɗaukar cutar haukan kare, wadda in alamunta suka bayyana kusan ba a tashi. In baƙuwa ce, ko ta afka wa mutum haka kawai tana dalalar da miyau, a kai shi Babban Asibitin Gwarzo a ranar, a tambayi allurar rigakafi.